Wa Ya Ja Iyakar Shirin Bakolori?

Jama'a, duk wanda ya taɓa zama wurin sulhun rikicin gona ya san yawancin faɗan daga iyaka ya ke tasowa. To, shirye-shiryen Gwamnati ma suna da iyakarsu, sai dai ita a takarda a ke janta, cikin ofis, talaka kuwa ba ya ganinta sai ran da ta ratsa ta kansa.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, masana a Amurka da Ingila suka fito da wata hanyar nazari, watau a riƙa duban al'amari ɗungum, a ga yadda kowane sashe ya ke taɓa ɗan'uwansa. Dabara ce mai kyau, mu ma muna koya wa ɗalibanmu ita a Kwalejin Horon Malamai. Amma wani shaihin malami a Jami'ar Kalifoniya, C. West Churchman, ya lura da gargada. Ba mahalukin da zai iya duban kome da kome, tilas mai lissafi ya yanke, ya ce wannan yana ciki, wancan yana waje. Almajirinsa Werner Ulrich, mutumin Suwizalan, ya ɗora a kai cikin littafinsa na 1983, inda ya tsara tambayoyi 12 da za a yi wa kowane shiri. Daga ciki akwai: don amfanin wa aka yi shi? Wa ke da ikon yanke magana? Sanin wa aka ɗauka sani ne? Wa zai yi magana a madadin waɗanda abin zai shafa amma ba su cikin masu shiryawa? Kowace tambaya sau biyu a ke yinta, yadda abin ya ke, da yadda ya kamata ya zama.

Kada mai karatu ya ce wannan zancen Turai ne. Mu auna shi da madatsar ruwa ta Bakolori, wadda wani kamfanin Italiya, Impresit, ya gina a kan Gulbin Sakkwato kusa da Talata Mafara, aka gama a 1978. Nufin shi ne a shayar da fiye da hekta 20,000, a yi noma rani da damina. Cikin iyakar da aka ja, lissafi ya fita sarai. Amma ina mutanen gangare? Shekara da shekaru gulbin ya kan cika ya malala cikin fadama, a shuka shinkafa, a kama kifi, in ruwa ya janye a yi lambu. Da aka tare shi sai ambaliyar ta ragu. Wani masani Bature, W. M. Adams, ya bi ƙauyukan nan daga baya, ya tarar shinkafa da kifi sun ja baya, manoma sun koma gero da dawa. Ba wanda ya yi ƙarya a lissafi. Fadamar ce ba ta shiga takardar yadda ya kamata ba.

A nan maganar Ulrich ta fi ƙarfi a wurinmu. Injiniya ya fi manomi sanin kankare da awon ruwa, ba musu. Amma batun ko fadamar wane ta cancanci a ƙirga ta, digirinsa bai ba shi fifiko ba ko kaɗan, domin wannan magana ce ta adalci. Manomin da bai taɓa zama a aji ba yana da ikon ya tambaya wa ya fid da shi, da kuma hujjar da aka kafa. Ku akawuna kun fi kowa sanin wannan, don kun san abin da ke samun mutumin da sunansa bai hau jerin diyya ba, ko da kowa a garin ya shaida gonarsa ce.

Amma fa kada mu cika baki. Waɗansu masana a Ingila sun soki hanyar Ulrich, suka ce tambayoyinsa suna aiki ne inda a ke da zauren da za a yi su, da mai iko da ya yarda ya saurara. Mun ga suna da gaskiya. Manoman Bakolori ba su rasa tambaya ba. Ruwa ya ci garuruwan dubban mutane, waɗansu an hana su noma sa'ad da a ke baje gonakinsu, diyya kuwa ta yi ta jan ƙafa. Suka kai kuka, suka gaji, sa'an nan suka tare hanyoyin aikin. Cikin watan Afrilu na 1980, zamanin Shugaba Shehu Shagari, aka aiko 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe wuta. Hukuma ta faɗi adadi kaɗan na waɗanda suka rasu, mutanen wurin kuwa suka ce ɗaruruwa ne.