Yini Guda A Jirgin Ruwa Mai Tafiya Da Iska

Duk mutumin Arewa da ya zauna Ikko ya saba ganin manyan jiragen ruwa na kaya a Apapa. Amma ran Asabar ko Lahadi akan ga waɗansu ƙanana suna shawagi a bakin teku, kowanne da ƙaton farin zane ɗaure a jikin dogon sanda, iska na tura su, ba ƙugin inji, ba hayaƙi. A nan wasa ne na 'yan sa'o'i. A waɗansu wurare kuwa akwai mutanen da irin wannan jirgi shi ne gidansu, ciki suke kwana, ciki suke dafa abinci, suna bin tsibirai ɗaya bayan ɗaya.

Wurin da ya yi suna a wannan harka shi ne tsibiran Grenadines na tekun Karibiyan, a ƙasar St. Vincent wadda ta sami mulkin kai daga Ingila a 1979. Yawancin mutanen wurin baƙar fata ne, jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka. Iskar da ke tura jiragensu kuwa daga wajen gabas take busowa ta ƙetare Atlantika, har takan kai musu ƙurar Sahara.

Mazauna jirgi sukan tashi da sassafe. A ce jirgin ya kwana a gaɓar Port Elizabeth, babban garin tsibirin Bequia, wanda masu wurin ke kira Bekwe. Abu na farko shi ne sauraron labarin yanayi, tun kafin a ɗora shayi. In an ji iska za ta yi daidai, sai a karya kumallo da burodi da ayaba, a ɗaure kwanuka da tukwane don kada su zube, a jawo anka, wato ƙarfen nan mai nauyi da ke riƙe jirgi a ƙasan ruwa, a warware zane, a miƙa kudu.

Daga nan zuwa Tobago Cays kimanin mil 25 ne, tafiyar sa'a huɗu ko biyar. Ba wanda ke gaggawa. Ɗaya na riƙe da sitiyari, ɗaya na karatu a inuwa, wani ya saki ƙugiya a bayan jirgi ko Allah zai kawo kifin rana. Ba abin da ake ji sai ƙarar ruwa a jikin jirgi. Akan wuce Mustique, tsibirin attajirai, da Canouan, duk a hannun hagu.

To, amma matuƙi yana da lissafinsa. So yake ya isa tun rana na tsaka, domin tsibiran nan biyar, waɗanda ba mai zama cikinsu, duwatsun murjani ne suka kewaye su a ƙarƙashin ruwa. Da launin ruwa ake gane hanya: shuɗi mai duhu zurfi ne, mai haske yashi ne kusa, ruwan ƙasa-ƙasa kuwa dutse ne mai fasa jirgi. In rana ta karkata ta shiga ido, launin ya ɓace, sai dai a yi ta lalube. Haka kuma in an jefa anka, akan saki sarƙa kamar ninki huɗu ko biyar na zurfin wurin, sa'an nan wani ya nutse ya tabbatar ta kama yashi. Wanda ya yi sakaci da wannan yakan farka cikin dare ya tarar jirginsa ya hau na maƙwabci.

Sai an gama wannan ake hutawa. Akan faɗa ruwa a yi iyo kusa da tsibirin Baradal, inda kunkurun teku ke kiwon ciyawa ba sa gudun mutane, don gwamnati ta hana kamun kifi da farauta a wurin. 'Yan tsibiran kusa sukan zo cikin ƙananan jirage masu inji suna tallan burodi da kifi da kayan marmari, kuma da wannan ciniki gidaje da yawa ke ci.

Abin mamaki, mutum na zaune tsakiyar ruwa amma ruwa ne ya fi masa tsada. Na teku gishiri ne, ba ya shawuwa, tankin jirgi kuwa 'yan ɗaruruwan lita ne. Saboda haka da ruwan teku ake wanke kwanuka, a ɗauraye da ɗan kofi na mai daɗi. Wanda ya taɓa bin layin famfo a Agege ko Idi-Araba ya san wannan tattali. Wuta ma haka, abin da farantin hasken rana ya tara da rana shi ake lallaɓawa da dare.

Wajen ƙarfe shida rana take faɗuwa. A gasa kifi, a kunna fitila a kan sanda don masu wucewa, a ɗan taɓa hira, kafin ƙarfe tara kowa ya kwanta, igiyar ruwa na jijjiga shi kamar goyo.

Wannan daɗi yana da lokacinsa. Daga watan Yuni zuwa Nuwamba lokacin guguwar teku ne, masu jirage da yawa sukan gudu kudu zuwa Trinidad. Ran 1 ga Yuli, 2024, guguwar da aka sa wa suna Beryl ta afka wa waɗannan tsibirai, ta rushe mafi yawan gidajen Union da Mayreau, ta farfasa jirage. Baƙo yana iya jan ankarsa ya tafi, mai tallan burodi kuwa nan ya tsaya ya sake gini. Shi ya sa ko a ranar da teku ta kwanta lif, matuƙin kirki ba ya barci sai ya leƙa sama, ya kuma taɓa sarƙarsa.