Duwatsun da Suka Tsiro a Gindin Kwalba

A tsaunukan jihar Bamont, arewa maso gabashin Amurka, wani sabon shiga ya sayi ƙaramin murhun dafa maɗin mefil: faffaɗan kaskon ƙarfe mai faɗin ƙafa 2 da tsawon ƙafa 4, bisa dogon murhu mai cin itace. Ya huda bishiyoyinsa a watan Maris, lokacin da ruwa ke daskarewa da dare ya narke da rana, domin a irin wannan yanayi ne ruwan jikin bishiyar mefil ke tsiyaya. Ruwa ne garai-garai, sukarinsa bai cika wuce kashi 2 cikin 100 ba, don haka sai an ƙone kusan lita 40 kafin a sami lita ɗaya ta maɗi. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin masu dafa mazarƙwaila ya san irin wahalar: hayaƙi, tururi, ido a kan kasko.

Maɗin ya yi kyau, ya ɗura a kwalabe da zafinsa. Bayan 'yan makonni sai ya ga abin da ya ɗaga masa hankali. A gindin kwalaben wasu ƙwayoyi sun tsiro, masu tauri da sheƙi, har cokali ba ya iya ɓamɓaro su. Wasu kwalaben sun tara da yawa, wasu kaɗan.

Da farko ya zargi abin da masu sana'ar ke kira yashin sukari, wato ma'adinan cikin ruwan bishiyar da ke dunƙulewa idan dahuwa ta yi nisa. Zargin yana da kama, don shi ne ciwon kan kowane sabon shiga. To amma yashin sukari gari ne mai laushi, yana dagula maɗi ya kwanta kamar laka, kuma mutumin ya tace nasa da matacin ulu mai kauri. Maɗinsa tas yake. Da ya fasa ƙwaya ɗaya ya sa a baki sai ta narke, zaƙi zalla. Ashe sukari ne.

Wannan ya rage masa hanya. Ruwa a ɗaki mai matsakaicin zafi ba ya iya riƙe sukari fiye da kusan kashi 67 cikin 100. Abin da ya haura sai ya ware ya daskare. Maɗin mefil kuwa a kan wannan siririyar gaɓa yake zaune. Idan sukarinsa ya gaza kashi 66 yakan yi tsami ko funfuna, idan ya wuce 68 sai ya fara tara duwatsu. Ke nan maɗin ya wuce dahuwa. Nan ne kansa ya ƙulle, domin bai taɓa sauke kasko da ka ba. Littafin da ya biyo murhun ya ce maɗi na nuna a digiri 104 na ma'aunin Salshiyos, shi kuwa daidai nan yake buɗe famfon kasko kullum.

Sai ya koma kan ma'aunin zafin. Ya tafasa ruwa zalla ya tsoma shi, ya ga 98 maimakon 100. Ya ce ya kama ɓarawo. Ya sayo sabo, ya tsoma, shi ma ya tsaya a 98. Ya sa su duka cikin ƙanƙara mai narkewa, kowanne ya nuna sifili, babu ragi babu ƙari.

Wani dattijo maƙwabcinsa da ya tsufa a sana'ar ne ya warware masa. Ya saurari labarin, ya ce, "Ɗana, ma'aunanka gaskiya suka gaya maka. Ka san tudun da gidanka yake?"

Gidan yana kan tudun da ya kai mita 600 sama da teku. Ruwa na tafasa a digiri 100 ne a gaɓar teku kaɗai. Da an hau, nauyin iska na raguwa, zafin tafasa na sauka da kusan digiri ɗaya a kowace mita 300. Ainihin ƙa'idar maɗin mefil ita ce digiri 4 sama da inda ruwa ke tafasa a wurin da kake. A gidansa 102 ne ya kamata ya sauke. Da yake jiran 104, digiri 6 yake haurawa maimakon 4, kuma a ƙarshen dahuwa digiri 2 ba ƙaramin abu ba ne, don ruwan da ya rage kaɗan ne, kauri na hawa da sauri.

Saura tambaya ɗaya: me ya sa kwalaben suka bambanta? Nauyin iska ba ya tsayawa wuri guda ko a gida ɗaya. Ranar da hadari ke tahowa yakan sauka, tafasar ruwa ta ƙara yin ƙasa. Da ya duba kwanakin da ya rubuta a jikin kwalaben, waɗanda suka fi tara duwatsu na ranakun dusar ƙanƙara ne da gajimare.

A ganina laifin masu rubuta lamba ɗaya tak a littafin koyarwa ya fi na mai koyo, domin sun ba shi amsa sun ɓoye masa dalilinta. Maɗin dai bai ɓaci ba: ya juye shi a tukunya, ya ƙara ruwa kaɗan, ya ɗumama har duwatsun suka narke, ya sake ɗurawa da zafi. Kai kuma da za ka kunna murhu karon farko, tafasa ruwa zalla kowace safiya, ka karanta ma'auninka, ka ƙara 4. Sannan ka nemi ma'aunin kauri, wanda ake tsomawa cikin maɗi ya yi iyo, ka tabbatar da shi kafin ka ɗura.