Dilka Ba Ta Wanke Hayaƙi

'Yan uwana mata, sana'ata gyaran amare ce a nan Kakuri, ƙetaren gada, kuma hannun da ya daɗe yana murza dilka ba a ɓoye masa sirrin fata.

Kwanakin baya aka kawo mini wata amarya daga Barnawa, saura mako uku ɗaurin aure. Kyakkyawa son kowa, amma kwana biyar ina dilka ina halawa, fatar nan ta ƙi yin sheƙi. Ga leɓe ya yi duhu, dasashi ma haka, ƙurjin da ta matse a kumatu ya ƙi warkewa.

Da gwaggonta ta fita na turo ƙofa na ce, "'Yata, tsakaninki da Allah, me kike zuƙa?" Sai ta sunkuyar da kai. Wai shisha ce, sigari kuma jefi-jefi, tun tana makaranta. Ango bai sani ba.

Ni fa ba duba nake yi ba, a gidanmu na san fuskar. Marigayi babanmu ma'aikacin masaƙar KTL ne har aka rufe ta a 2002, kara ba ya rabuwa da yatsunsa. Yana da shekara 50 baƙi ke ɗaukarsa yayan kawunmu, alhali ƙaninsa ne. Allah ya jiƙansa.

Abin da ke faruwa shi ne, nikotin yana tsuke ƙananan jijiyoyin jinin da ke ciyar da fata, sai ta yi fari-fari kamar ƙafar hunturu, ciwo kuma ya daɗe bai rufe ba. Hayaƙin yana cinye kolajin, wato zaren da ke riƙe fata ta tsaya a miƙe, shi ya sa tamoji ke fitowa gefen ido da kewayen baki tun lokaci bai yi ba. A 1985 wani likita a Ingila, Douglas Model, har suna ya raɗa wa abin: fuskar mashayin taba. Ruwan tulun shisha kuwa sanyaya hayaƙi yake yi, ba ya tace dafin.

Ta ɗago da hawaye ta ce, "Anti, za ta dawo?" Ban yi mata daɗin baki ba. Na ce in ta bari yau jini zai koma gudu, haske ya biyo baya, duhun dasashi ya ragu sannu a hankali, amma layin da ya riga ya zauna ya zauna.

Ranar kamu sai da na ninka mata jan baki sau biyu. Bayan wata huɗu ta zo ƙunshi da kanta, na kama haɓarta na juya ta wajen taga. Ƙurjin ya tafi, leɓen dai da saura.