Baƙo a Bakin Ƙofa Ranar Fitina

Da asubahin Lahadi, 24 ga Agusta 1572, ƙararrawar coci-coci ta tashi mutanen birnin Paris daga barci. Cikin waɗanda suka farka har da wani ɗalibi ɗan shekara 12 mai suna Maximilien de Béthune. Malaminsa da baransa suka fita su ga abin da ake ciki, ba su sake dawowa ba. Yaron ya gane ana farautar mutanen ɗarikarsu ne, wato 'yan Huguenot. Sai ya zura rigar ɗalibai, ya saƙale littafin addu'o'in Katolika a hammata, ya kama hanyar wata makaranta, Kwalejin Burgundi, inda yake da sanayya da shugabanta. Sau uku masu makamai suna tare shi, sau uku littafin nan yana fid da shi. Da ya isa, mai gadi ya hana shi shiga har sau biyu, sai da ya ɗan ba shi na goro sannan ya yarda ya kira shugaban, La Faye. A cikin makarantar ma akwai limaman coci biyu da suka so a miƙa yaron. La Faye ya ƙi, ya kulle shi a wani ɗaki kwana uku ana kai masa abinci a ɓoye.

Me ya kai mutanen gari ɗaya, masu yare ɗaya da sarki ɗaya, ga halin da sai an duba littafin da yaro ya riƙe kafin a bar shi da ransa?

Huguenot suna ne da aka laƙaba wa Kiristocin Faransa mabiya koyarwar Jean Calvin, wanda ya bar ƙasar ya zauna a Geneva. Sun ƙi shugabancin Fafaroma, suna ganin sassaƙe-sassaƙen da ke cikin coci bautar gumaka ce, suna kuma yin ibada da Faransanci maimakon Latin. Wajen 1560 sun kai kusan kashi ɗaya cikin goma na mutanen ƙasar, kuma akwai manyan 'yan sarauta a cikinsu. Su kuwa Katolika, da yawansu sun ɗauka cewa barin 'yan bidi'a a gari yana jawo fushin Allah a kan kowa da kowa. Saboda haka kowane ɓangare yana kallon ɗaya a matsayin annoba.

Daga kisan 'yan Huguenot masu ibada a garin Vassy a 1562 zuwa 1598 an gwabza yaƙi sau takwas, kuma babu ɓangaren da hannunsa bai taɓa jini ba. A 1567 'yan Huguenot sun yi yunƙurin kama sarki a kusa da Meaux, a shekarar ce kuma suka kashe Katolika da dama a Nîmes suka jefa gawarwakinsu a rijiya. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Kowa yana da gawar da yake tunawa, don haka kowace jita-jita tana samun kunnen da zai karɓe ta.

Abin takaici, bikin sulhu ne ya tara mutanen da aka yanka. Ranar 18 ga Agusta 1572 aka ɗaura auren Henri na Navarre, ɗan Huguenot, da Marguerite, ƙanwar Sarki Charles na Tara. Ranar 22 aka harbi jagoran 'yan Huguenot, Coligny, ya tsira da rauni. Tsoron ramuwa ya kama fada, aka yanke shawarar kashe shugabanninsu, daga nan abu ya ƙwace ya zama na gari duka. Makasan suka sa farin gicciye a hula don su gane juna. An kashe dubbai a Paris, fitinar ta bazu zuwa Orléans, Lyon, Rouen, Toulouse da Bordeaux. Binciken da masanin tarihi Jérémie Foa ya yi a tsofaffin takardun birnin Paris ya nuna cewa sau da yawa makasan maƙwabta ne, sun san gidajen, sun san sunaye. Da ɗan gari akan ci gari.

To a irin wannan rana, wa mutum zai ƙwanƙwasa wa ƙofa? Mai neman taimako bai san ko mai buɗewa zai ɓoye shi ko zai kira masa makasa ba. Mai gida shi ma a tsorace yake, domin wanda aka samu da ɗan Huguenot a ɗakinsa yana iya rasa dukiya da rai. Har ila yau akwai kwaɗayi: wasu sun karɓi mutane ne don su tatsi kuɗin fansa, da kuɗin suka ƙare suka miƙa su.

Labarin Jacques de Caumont ya fi na farko ban tausayi, don shi bai san mai cetonsa ba ko kaɗan. Yana ɗan shekara 13 aka sassoki mahaifinsa da wansa a gefen titi, shi kuma ya faɗi cikin jininsu ya yi kamar ya mutu. Aka tuɓe gawarwakin aka watse. Can sai ga wani talaka, ma'aikacin wani filin wasan ƙwallo, ya zo cire safar da ta rage a ƙafar yaron. Da ya ga ƙuruciyarsa sai ya furta kalmar tausayi. Jin haka yaron ya ɗaga kai ya ce da sauran ransa. Mutumin ya ce ya kwanta shiru, da duhu ya yi ya dawo ya lulluɓe shi da tsohon mayafi. Duk wanda ya tambaya a hanya sai ya ce ɗan ɗan'uwansa ne ya sha ya bugu, zai kai shi gida ya zane shi. Washegari ya kai shi wurin danginsa, ya karɓi ladan da suka yi ciniki.

A lura, wannan mutum ba waliyyi ba ne. Kwasar kayan gawa ta kawo shi, kuma bai yi aikin kyauta ba. Amma a daidai lokacin da gari duka ke ganin ɗan bidi'a, shi yaro ya gani. Yaron ya rayu har 1652, ya zama babban kwamandan sojan Faransa. Shi kuwa mai littafin addu'a shi ne aka sani daga baya da Sully, ministan kuɗin Sarki Henri na Huɗu, wato angon nan na Navarre, sarkin da ya sa hannu a Dokar Nantes a 1598, wadda ta ba 'yan Huguenot 'yancin aƙida da izinin ibada a wurare ƙayyadaddu.

Sai dai doka tana kashe wuta, ba ta cire garwashin da ke zukata. An kashe Henri a 1610. Jikansa Louis na Goma Sha Huɗu ya fara sauke sojoji a gidajen 'yan Huguenot daga 1681, suna ci suna ɓarna har sai mai gida ya sauya ɗarika. A 1685 ya soke dokar gaba ɗaya, ya kuma haramta musu fita daga ƙasar. Namijin da aka kama yana gudu sai tuƙin jirgin ruwan yaƙi cikin sarƙa, mace kuma sai kurkuku. Duk da haka kusan mutum 200,000 suka sulale. Da yawansu a hannun masu fitar da mutane ta ɓarauniyar hanya suka damƙa rayukansu, cikinsu har da Katolika, wasu suka riƙe amana, wasu suka ci ta. Holan, Ingila, Suwizalan da Brandenburg ta Jamus suka karɓe su, suka amfana da masaƙan alharini, masu haɗa agogo da sojoji. Kalmar da Turanci ke kiran ɗan gudun hijira da ita ma daga waɗannan mutane ta samo asali. Sai a 1787 Faransa ta sake amincewa da aurensu da haihuwarsu a hukumance.

Waɗanda suka zauna ba su manta ba. A kan duwatsun kudancin Faransa akwai ƙauyen Le Chambon, wanda a da yawancin mutanensa jikokin 'yan Huguenot ne. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, wata Bayahudiya da ta gudo daga Jamus ta ƙwanƙwasa ƙofar gidan Fasto André Trocmé cikin tsananin sanyi, matarsa Magda ta shigar da ita. Daga nan ƙauyen da kewayensa suka ɓoye ɗaruruwan Yahudawa, galibi yara, kuma Katolikan yankin sun sa hannu a aikin. Mutanen da kakanninsu suka kwana a bakin ƙofofin wasu sun san nauyin wannan ƙwanƙwasawa.

Fitina ba ta faɗowa daga sama rana ɗaya. Shekara goma aka yi a Faransa ana tara sunaye, ana yaɗa jita-jita, ana koya wa yara cewa maƙwabci ƙazanta ne, kafin ƙararrawar nan ta kaɗa. Mai son ya iya buɗe ƙofarsa ranar tsoro, tun ranar zaman lafiya zai saba wa idonsa ganin mutum kafin ya tambayi ɗarikarsa.