Karin Sauti a Harshen Lituwaniya

Bahaushe ba ya bukatar malami ya gaya masa cewa murya tana sauya ma'ana. Kukan yaro da kukar miya haruffansu ɗaya ne a takarda, kunne ne yake raba su. Mutanen Lituwaniya, ƙasar da ke bakin tekun Baltik a arewacin Turai, su ma suna da irin wannan, sai dai nasu ya bi wata hanya dabam. A Hausa kowace gaɓa tana ɗauke da karinta. A harshensu, mai masu magana kusan miliyan 3, gaɓa ɗaya tak ake dannawa a kowace kalma, kuma idan gaɓar doguwa ce, hanyar danna ta biyu ce: ko ƙarfin muryar ya faɗo a farkonta ya sauka, abin da suke kira tvirtapradė, ko ya taru a ƙarshenta, wato tvirtagalė. Da wannan ne káltas, wato kurfin sassaƙa, ya rabu da kal̃tas, mai laifi. Haka kóšė, ya tace, da kõšė, fate. Fridrichas Kuršaitis, malamin da ya fitar da nahawun harshen a 1876, yana cikin waɗanda suka fara bayyana wannan bambanci dalla-dalla.

Akwai masu ganin duk wannan ado ne kawai, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce. Jaridu da littattafan yau da kullum ba sa sa alamomin. Sai ƙamus da littafin koyo. Kalmomin da karin kaɗai ke rabawa ba su da yawa, kuma ba wanda zai ji alƙali yana yanke hukunci ya zaci kayan kafinta ake nufi. Ƙari a kan haka, a bakin mutanen birane da dama bambancin yana dusashewa a kan dogayen wasula, ya fi tsayawa a kan tagwayen wasula, inda tsawon wasalin farko yake taimaka wa kunne.

Amma wanda ya tsaya a nan ya ga kunnen kura ne bai ga kurar ba. Babban aikin karin ba raba tagwayen kalmomi ba ne, shi ne yake faɗin inda dannawa za ta koma idan kalma ta sauya siga. A ɗauki kalmomi biyu. Hankaka várna ne, kuma idan shi aka yi wa aiki ya zama várną. Dannawar tana nan daram a gaɓar farko. Hannu kuwa rankà ne, an danna ƙarshe, amma idan shi aka yi wa aiki sai ya koma rañką. Me ya sa ɗaya ta zauna ɗaya ta yi tsalle? Ferdinand de Saussure, masanin harshe ɗan Siwizalan, ya ba da amsa a shekarun 1890: gaɓar ƙarshe da asalinta ke da kari mai ƙarfin farko tana fizgo dannawa daga gaɓar da ke gabanta, muddin ita wannan ba ta da irin karin. Ta hankaka tana da shi, shi ya sa ta ƙi saki. Ta hannu ba ta da shi.

Ke nan ko mutumin birni da kunnensa ya daina rarrabe karin biyu a wasu kalmomi, bakinsa yana bin dokarsu duk lokacin da ya ce rankà. Sunayen harshen sun kasu aji 4 ta fuskar dannawa, kuma karin gaɓa na cikin abin da ya raba su. Baƙon da ya ƙi koyon kari don ba a rubuta shi, haddar kowace siga ɗaya bayan ɗaya ce ke jiransa. Rashin alamar a takarda, a ganina, ba ya nuna ƙanƙantar abin. Mu ma ba ma rubuta namu, kuma ba wanda ya ce Hausa ta rabu da shi. Duk mai niyyar koyon wannan harshe ya nemi ƙamus mai alamomi tun ranar farko, ya kuma karanta kalmomin da babbar murya.