Abubuwan da ya kamata ka sani game da Jami'ar Lincoln ta Amurka

Jami'ar Lincoln ƙarama ce, tana cikin karkarar jihar Pennsylvania kusa da garin Oxford. Sai dai shugaban Najeriya na farko da na Ghana na farko duk a can suka yi karatu.

Me ya sa aka kafa ta?

A 1854, lokacin ana tsaka da bautar da baƙaƙen fata a kudancin Amurka, wani limamin cocin Presbyterian farar fata, John Miller Dickey, ya samu izinin buɗe ta da sunan Ashmun Institute. Sunan na Jehudi Ashmun ne, jigo a aikin tsugunar da 'yantattun bayi a Laberiya. Manufar a fili take: a horas da baƙaƙen fata su tafi Afirka wa'azi. Ɗalibai ukun da suka fara kammalawa kuwa Laberiya suka nufa a 1859. An sauya mata suna a 1866 don karrama Abraham Lincoln, shekara guda bayan kashe shi.

Su wa suka riƙe ragama?

Turawa, har tsawon shekara 91. Sai a 1945 baƙar fata na farko, Horace Mann Bond, ya zama shugabanta. Mata kuma sai a 1953 aka buɗe musu ƙofa a hukumance.

Su wa ta yaye?

A nan lissafin masu kafa ta ya sha bamban da abin da ya faru. Sun so masu wa'azi, sai ga 'yan gwagwarmaya. Nnamdi Azikiwe, shugaban Najeriya na farko, ya kammala a 1930, shekara ɗaya da Thurgood Marshall, lauyan da ya yi nasara a shari'ar 1954 wadda ta haramta wariyar launin fata a makarantun gwamnati, kuma baƙar fata na farko a Kotun Ƙolin Amurka a 1967. Azikiwe ne ya ƙarfafa wa Kwame Nkrumah gwiwa ya je can. Nkrumah ya gama a 1939, ya kai Ghana ga 'yanci a 1957.

Ta gwamnati ce?

Eh, amma da sauran bayani. Tun 1972 jihar Pennsylvania ke ba ta kuɗi, tana kuma da kujeru a hukumar gudanarwarta, sai dai jami'ar ce ke tafiyar da al'amuranta da kanta.