Sha-Kauci: Ɗan Tsuntsun Da Ke Yi Wa Itatuwa Bauta

Duk wanda ya ratsa gonakin Ƙanƙara, ko Faskari, ko Sabuwa da hantsi a lokacin hunturu, zai ga wani ɗan tsuntsu yana tsalle a kan furannin gurjiya da minjirya, yana zura baki yana tsotsar zaƙinsu. Shi ne sha-kauci, wanda ya sami sunansa daga kaucin nan mai tsira a jikin ɗorawa da kaɗanya.

Iri biyu sun fi sauƙin ganewa. Na fari tsawonsa ya kusa inci 6, bakinsa dogo ne mai lanƙwasa. Namijin baƙi ne, ƙirjinsa ja wur, kansa kore mai walƙiya. Na biyu ƙarami ne, bakinsa gajere, cikinsa rawaya, bayansa kore; idan lokacin aure ya zo, namijin yakan fitar da dogayen gashin wutsiya biyu. Matansu kuwa ba su da wannan ado, launinsu dishi-dishi ne. A can Ostareliya akwai wasu tsuntsaye masu irin wannan abinci, amma danginsu daban ne.

Macen ce ke ginin sheƙa. Takan tattaro ciyawa da ganye, ta ɗaure su da yanar gizo, ta rataye sheƙar a bakin reshe kamar ɗan burgami, da ƙofa a gefe. Ƙwai ɗaya ko biyu take yi, ta kwanta kansu wajen mako 2. Ƙaramin irin da rani yake haihuwa. Da ƙwari ake ciyar da 'ya'yan.

Amfaninsa ga manomi shi ne, yayin da yake bin furanni yana kai garin fure daga wannan zuwa wancan, itace ya sami 'ya'ya. Ga kuma ƙwarin da yake kamawa.

Amma gatari da gawayi na cinye masa gida. A 2020 Gwamnatin Tarayya ta amince a mai da dajin Kogo gandun daji na ƙasa, sai dai itacen da ke tsaye cikin gona, mai gonar ne kaɗai zai kare shi. Manomin da ya bar gurjiyarsa, ya kuma hana yara harbin sheƙa da danƙo, kansa ya yi wa alheri.